Asalin Sunan Kilifod: Jawabi a Taron Ƙungiyar Ɗalibai



Duk wanda ya karanta tarihin Nijeriya a sakandare ya haddace sunan Gwamna Kilifod da tsarin mulkinsa na 1922. Yau muna so mu bi sunan nan har tushe, domin kullum ana miƙa mana takardu ana tambayarmu sunan iyali, ya kamata kuwa mu san ma'anar wannan al'ada a wurin waɗanda suka kawo mana ita.

Kilifod wani ƙauye ne a bakin kogin Wye, kan iyakar Ingila da Wels. Kalmomi biyu na tsohon Ingilishi aka haɗa, ma'anarsu mashigin ruwa da ke gindin gangaren dutse. Ƙauyen yana cikin littafin ƙidayar ƙasa da Sarki Wiliyam ya sa aka rubuta a 1086. Amma fa mutanen da suka ɗauki sunan ba 'yan ƙasa ba ne. Normawa ne, zuriyar waɗanda suka ƙetaro daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Cikin ƙarni na 12 wani daga cikinsu mai suna Walta ya mallaki sansanin dutse da aka gina a wurin, sai ya bar kiran kansa ɗan wane, ya koma Walta na Kilifod. Watau sunan tamkar takardar shaidar mallaka ne: wurin nan nawa ne, kuma na ɗana ne a bayana.

Gidan ya bunƙasa, har a 1310 sarki ya ba Robat Kilifod ƙasar Skipton a arewacin Ingila. Bai daɗe yana cin moriyarta ba, aka kashe shi a yaƙi da mutanen Sikotilan a 1314.

Inda za mu fi gane nauyin sunan shi ne labarin Ana Kilifod, wadda aka haifa a 1590. Da mahaifinta ya rasu a 1605 ba shi da ɗa namiji a raye, sai aka tarar ya yi wasiyya ƙasar ta koma hannun ƙanensa, don kada suna da ƙasa su rabu. Alhali kuwa tsohuwar yarjejeniyar da aka ba kakanninta ƙasar a kanta ba ta bambanta namiji da mace ba. Ana ta ƙi yarda. Mijinta ya matsa mata ta karɓi kuɗi ta haƙura, ta ƙi. Sarki Jemis da kansa ya yanke hukunci a 1617, ta ƙi amincewa. Sai a 1643, da ɗan baffanta ya mutu bai bar namiji ba, gadon ya dawo mata, bayan shekara 38. Shari'a ba ta ba ta ba, mutuwa ce ta raba gardama. Ta ƙare rayuwarta tana gyara gine-ginen kakanninta har ta rasu a 1676.

Gwamnanmu daga wani reshe ya fito, na Chudleigh a yankin Devon, waɗanda suka riƙe ɗariƙar Katolika har kakansu Tomas ya ajiye muƙamin ma'ajin ƙasa a 1673 saboda ita. Hiyu Kilifod ya mulki Nijeriya daga 1919 zuwa 1925, shi ne kuma ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922.

To, a nan ne labarin ya iso gida. A makarantun boko na Arewa, inda aji guda kan tara Muhammadu da Abubakar da yawa, aka riƙa liƙa wa yaro sunan garinsu a rajista. Ta haka muka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano. A ido kamar Walta na Kilifod, amma ma'anar daban take: Walta mai gari ne, Aminu ɗan gari. Sa'an nan 'yar Bahaushe ba ta sauya sunan ubanta don ta yi aure, kuma rabonta na gado bai rataya a kan suna ba. Yanzu ne muke ganin 'yan'uwanmu mata suna zuwa kotu rantsuwar canjin suna, don kawai takardar ofis ta tambaya.