Google ko Zauren WhatsApp: Wa Za Mu Tambaya?

 

An ce in yi magana kan inda za mu riƙa neman bayani nan gaba, wajen Google ne ko wajen junanmu. Mu dai a nan Ingila kusan mun riga mun zaɓa. Baƙon da ya sauka jiya ba Google yake tambaya inda ake sayar da garin tuwo ko daddawa ba. A zauren WhatsApp na ƙungiya yake jefa tambaya, kafin la'asar ya samu amsa goma. Kuma ba mu kaɗai ba ne. A 2022 wani babban jami'in Google, Prabhakar Raghavan, ya ce kusan kashi 40 cikin ɗari na matasan Amurka TikTok ko Instagram suke buɗewa in suna neman inda za su ci abinci.

Muna da uzurinmu. Injin bincike ba ya kawo maka sai abin da wani ya ɗora a fili a intanet, ita kuwa Hausarmu yawancinta a baki take, a saƙon murya da hira da wa'azi. Saƙonnin WhatsApp a kulle suke, Google ba ya ganinsu. ChatGPT da ya fito a ƙarshen 2022 shi ma daga rubutu ya koya, to abin da ba mu rubuta ba ina zai same shi?

Amma ga inda gizo ke saƙar. Saƙon murya ba ya zuwa da ranar da aka fara yin sa, ba ya zuwa da sunan mai shi. Daga Janairun 2024 gwamnatin ƙasar nan ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyali, a watan Maris na shekarar ta hana masu zuwa aikin kula da tsofaffi su ma zuwa da iyali. Wanda ya yi bayani a 2022 gaskiya ya faɗa a lokacinsa. Idan aka tura wa ƙaninka a Kano ko Damagaram wannan saƙon yau, zai iya sayar da gona a kan dokar da ta mutu, kuma da yarda zai yi, tunda daga wayar yayansa saƙon ya fito. Waɗanda suke Najeriya a 2014 sun tuna daren da aka ta da mutane su yi wanka da ruwan gishiri su sha saboda Ebola. Har rai aka rasa, kuma 'yan uwa ne suka tura wa 'yan uwa don ƙauna.

Google ma ba waliyyi ba ne. Sau da yawa abin da ke can sama talla ce da wani ya biya kuɗi. Sai dai yana kai ka gov.uk ko shafin NHS, inda za ka karanta maganar daga tushe.

Roƙona ga shugabanni shi ne, duk wanda zai tura mana maganar biza ko ta magani a zaure, ya haɗo da shafin da ya gano ta da kwanan wata. Tambayoyin da ake maimaitawa duk wata kuma, a samu matasa biyu su rubuta amsarsu da Hausa, a buga a mujallar nan, a ɗora a intanet inda mai nema zai gani. Wanda zai ɗauki aikin ya ga sakatare bayan sallar magariba.