Tsofaffin Sulallan Amurka: Me Ke Sa Kwabo Ya Fi Gida Tsada?



Kwamitin shirya taro ya ce in yi magana a kan abin da nake yi in na tashi daga ofis. To, ni nawa abin shi ne tara tsofaffin sulalla, musamman na ƙasar Amurka, da bin diddigin tarihinsu. Na san wasu abokan ajinmu za su ce, "Kai da ke jiran albashi, ina kai ina tara dala?" Da gaskiyarsu. Abin da na mallaka bai cika gwangwanin madara ba, kuma babu ko ɗaya a ciki da zai sayi keke. Amma sha'awar ta sa na san amsar wata tambaya: me ya sa wani kwabo ke kai miliyoyin daloli, wani kuma da ya girme shi ko kallonsa ba a yi?

Mutane da yawa sun ɗauka tsufa ne, ko nauyin zinariya. A'a. Abu uku ne ke ba sule daraja: ƙarancinsa, da lafiyar jikinsa, da kuma takardar da ta tabbatar da asalinsa. Na ukun nan shi ne ya fi ba ni sha'awa, don aikin irinmu ne ma'aikatan gwamnati.

Bari mu fara da tushe. A shekarar 1792 majalisar dokokin Amurka ta kafa ma'aikatar buga kuɗi a birnin Filadelfiya. A 1794 aka fitar da dalar azurfa ta farko, guda 1,758 kacal. A 2013 an yi gwanjon ɗaya daga cikinsu a kan dala miliyan 10 da 'yan kai. Ba a san yawan nan da ka ba, rajistar ma'aikatar ce ta nuna shi. Wannan rajista kuwa ita ce ta haifi dalar da masu tara sulalla ke kira sarkin sulallan Amurka.

A 1834 gwamnatin Shugaba Andrew Jackson ta so aika tsaraba ga wasu sarakunan gabas, cikinsu har da Sarkin Siyam, wato Tailan ta yau, da Sarkin Maskat, don neman hulɗar ciniki. Aka umarci ma'aikatar ta haɗa kowane irin sule na ƙasar a akwati. A lokacin an daɗe da daina buga dalar azurfa. Da ma'aikata suka duba rajista, sai suka ga an rubuta cewa an fitar da dala 19,570 a 1804, daga nan aka tsaya. Saboda haka suka buga sababbi ɗauke da 1804. Ashe waɗancan na rajistar shekarar baya ce a jikinsu, domin a da ba a jefar da hatimin bugu sai ya lalace. Ke nan babu dala mai ɗauke da 1804 da aka buga a 1804. 'Yan kaɗan ne kawai aka sani a duniya, har da waɗanda wasu ma'aikata suka buga a ɓoye daga baya. Wadda aka kai wa Sarkin Maskat an sayar da ita dala miliyan 7.68 a 2021.

Wannan ba zai ba mu mamaki ba. Dalar azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tiriza ta Ostiriya, wadda kakanninmu suka yi ciniki da ita, mata suka yi ado da ita, 1780 aka ci gaba da bugawa a jikinta shekara da shekaru bayan rasuwar sarauniyar. Darasi na farko ke nan: shekarar da ke jikin sule ba shaida ba ce.

Labari na biyu ya fi wannan ban mamaki. A 1933 an buga sulen zinariya na dala 20 har guda 445,500. Kafin a fitar da su, sai Shugaba Franklin Roosevelt ya ba da umarnin jama'a su mayar wa gwamnati zinariyarsu, saboda bankuna na ta durƙushewa. Aka narkar da sulallan, aka ware biyu don gidan tarihi na Smithsonian. Amma wasu 'yan kaɗan sun sulale ta bayan gida. A 1944 Sarki Faruk na Masar, wanda ya shahara da tara irin waɗannan kaya, ya sayi ɗaya, kuma wakilansa suka nemi izinin fitar da shi daga ƙasar. Baitulmalin Amurka ya sa hannu, 'yan kwanaki kafin a farga cewa kayan sata ne. Bayan an tumɓuke sarkin a 1952, aka sa kayansa a gwanjo a Alƙahira a 1954. Amurka ta nemi a cire sulen daga gwanjon, aka cire, daga nan ya yi ɓatan dabo.

Sai a 1996 jami'an tsaro suka kama wani dillali ɗan Ingila a birnin Niyok da sule irinsa, wanda ake kyautata zaton shi ne na Sarki Faruk. Aka shiga shari'a. Waccan takardar izini ta 1944 ita ce ta raunana hujjar gwamnati, har aka yi sulhu: a sayar, a raba kuɗin. A 2002 ya tashi a kan dala miliyan 7.59, aka ƙara biyan dala 20 don ya zama halastaccen kuɗi. A 2021 kuma ya kai dala miliyan 18.9, alhali zinariyar jikinsa ba ta cika oza ɗaya ba.

To ku ji ɗaya gefen. A 2004 iyalin wani mai sayar da gwala-gwalai na Filadelfiya suka kai wa ma'aikatar guda goma irinsa don a tantance musu. Aka tabbatar na gaske ne, gwamnati kuma ta riƙe abinta. Suka yi shekaru suna shari'a, a 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta ba gwamnati gaskiya. Jama'a, zinariya iri ɗaya, zane iri ɗaya, shekara ɗaya. Bambancin kawai takarda guda da wani ma'aikaci ya sa wa hannu, wani akawu kuma ya adana ta a fayil. Duk wanda ke cikinmu da yake ganin ajiyar fayil ƙaramin aiki ne, to ya tuna da wannan.

Yanzu sai abin da ya shafi aljihunmu. Ta wayar hannu ana turo wa mutane hoton tsohon kwabo, a ce a Amurka yana kai miliyoyi, amma mai shi na cikin matsi zai sayar da araha. Wanda aka fi yin wannan damfara da shi shi ne kwabon 1943. A shekarar, saboda Yaƙin Duniya na Biyu, an tanadi jan ƙarfe don kayan yaƙi, aka buga kwabon da baƙin ƙarfe. Wasu 'yan tsiraru ne suka fito da jan ƙarfe bisa kuskure, kuma ɗaya da aka buga a Denver ya kai dala miliyan 1.7 a 2010. Macuta sukan shafe na baƙin ƙarfen da ruwan jan ƙarfe, ko su kankare 8 ɗin kwabon 1948 ta koma 3. Malaminmu na kimiyya ya riga ya ba mu maganin na farko: a kawo maganaɗisu, in kwabon ya manne, jabu ne. Na biyun kuwa sai idon gwani. Abin tambaya shi ne, mai dukiyar miliyoyi me zai sa ya neme ka da ita a kan dubu hamsin? Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Game da lafiyar jiki, tun 1949 akwai ma'auni daga 1 zuwa 70, wanda William Sheldon ya ƙirƙiro. Lamba 1 ita ce sulen da ya suɗe har da kyar ake gane shi, 70 kuwa wanda ba shi da ko ƙwarzane. Kamfanoni irin su PCGS, da aka kafa a 1986, da NGC, da aka kafa a 1987, su ke duba sule, su ba shi lamba, su rufe shi a cikin roba mai hatimi. Tazarar lamba ɗaya kan iya ninka farashi. Don haka kada a goge tsohon sule da toka ko lemun tsami don ya yi ƙyalli, goguwar nan ita ce ke kashe darajarsa. A riƙe shi ta gefe, a ajiye shi inda ba damshi.

Mai son farawa ba sai ya yi kuɗi ba. Sulallan Amurka na kwabo 10 da kwabo 25 da aka buga zuwa 1964 kashi 90 cikin 100 azurfa ne, daga 1965 aka cire ta, kuma har yanzu ana samunsu ba da tsada ainun ba. Amma a sayi littafi kafin a sayi sule. In kuma akwai anini ko kwabo mai huji, ko sisi da taro a akwatin tsohuwa, a samu takarda a rubuta na wane ne, da yadda ya zo gidan. Ko ba zai yi tsada ba, jikoki za su san abin da suke riƙe da shi.

Iyayenmu malamai, ku ne kuka hore mu da rubuta kwanan wata a saman kowane shafi, muna ƙunƙuni. Ga amfaninsa mun gani. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa ƙungiyarmu zumunci.