Hayaƙin tukunya da hayaƙin jin daɗi

Mutumin da zan yi magana a kansa yau, Henry Shue, masanin falsafa ne ɗan Amurka, haifaffen 1940, wanda ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Oksfod ta Ingila. A 1980 ya wallafa littafi inda ya kafa hujjar cewa ci da sha haƙƙi ne, daidai da haƙƙin tsaron rai. Daga bisani ya karkata ga sauyin yanayi, a 1993 kuma ya raba hayaƙin da duniya ke fitarwa gida biyu: wanda talaka ke fitarwa domin ya rayu, da wanda mai hali ke fitarwa domin jin daɗi. In ragewa ta zama dole, in ji shi, da na biyun za a fara.

To, mu kawo zancen gida. Matar da ke hura wuta ƙarƙashin tukunyar tuwo a Issawane, hayaƙinta na farko ne. Amma ita da mijinta aka daɗe ana tuhuma. Tsohuwar dokar daji ta mai da itatuwa mallakar gwamnati, har manomi ya sha tara saboda gawon da ke tsakiyar gonarsa. Wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Sai ya tumɓuke shi tun yana tsiro. Bayan farin 1984, da aka sassauta, manoman Maraɗi, Tasawa da Mayahi suka rungumi sassabin zamani, suna barin kututture ya tofo suna yi masa aski. An ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar ta wannan hanya.

Masu hayaƙin jin daɗi fa? A taron Kofanhegan na 2009 manyan ƙasashe sun yi alkawarin dala miliyar 100 kowace shekara zuwa 2020. Sai 2022 aka cika, yawancin kuɗin kuwa bashi ne.

Kada mu tsaya ga zargin Turawa kaɗai. Ma'aunin Shue ya shafi wannan zaure. Mai babbar motar da ke kwaso itacen ƙauye zuwa birni yana cikinmu, haka ma ma'aikacin da ke barin na'urar sanyaya ofis tana aiki ranar hutu. Ina roƙon ƴan majalisarmu da ke nan su nemi lissafin tarar daji da aka karɓa bara, mu ga nawa ya fito daga aljihun masu motoci, nawa daga na mata masu ɗaukar itace a ka.