Minjirya a Cinya: Ciwon Jijiyar Ƙafa da Motsa Jiki

Ranka ya daɗe uban ƙasa, iyayena malamai, yayyena da ƙannena mutanen Kende, na gode da kuka bar aikin fadama kuka zo sauraro.

Bara da rani an kawo mini wani saurayi a bayan mashin. Ɗan ƙwallo ne, yana kuma ɗaga ƙarfe irin wanda samarinmu ke haɗawa da kansu, gwangwani biyu cike da siminti da sandar ƙarfe a tsakani. Ya idar da sallar asuba, ya sunkuya ya fizgi ƙarfen, sai ya ji abu ya tsarga masa a ƙugu. Kafin azahar zafin ya sauka ɗuwawu, ya bi bayan cinya har dunduniya. Na ce ya kwatanta mini. Ya ce, "Likita, kamar na taka minjirya." Duk wanda ya taɓa sa hannu cikin koma a Kwara ya san abin da yake nufi. Wata guda ya yi a kan tabarma kafin ya zo. An yi masa ƙaho sau biyu, ya sha maganin basir, ya sha na sanyi, ƙafar kuma ta fara ramewa. Kwanciyar nan ta cuce shi kusan kamar yadda ƙarfen ya cuce shi, kuma a kanta nake son mu yi magana.

A ƙugun mutum akwai ƙasusuwa biyar da ke jere, ɗaya bisa ɗaya. Tsakanin kowane biyu Allah ya sa gammo, bayansa mai tauri, cikinsa mai laushi. Daga nan ne saiwoyin jijiya ke fitowa su haɗu su zama jijiya mafi girma a jiki, kaurinta ya kai na yatsa, ta ratsa ɗuwawu ta gangara har tafin ƙafa. Idan gammon ya tsage, abin cikinsa ya bulbulo ya taɓa saiwar, wurin ya kumbura, sai ƙafa ta ɗauki zafi alhali lafiyarta lau. Gammo biyu na can ƙasa su suka fi yin haka. Wani likitan Italiya, Domenico Cotugno, ya bayyana ciwon tun 1764, amma sai a 1934 Mixter da Barr, likitoci biyu a birnin Boston na Amurka, suka nuna cewa tsagewar gammo ce ke jawo shi.

A Jamus, a 1999, an sa na'ura cikin gammon wani mutum aka auna nauyin da ke hawa kansa. Da ya ɗaga kilo 20 a sunkuye, bayansa a lanƙwashe, nauyin ya ninka na tsayuwa fiye da sau huɗu. Da ya rungumi kayan a jikinsa, sai ya ragu da kusan rabi. To buhun taki kilo 50 ne, jarkar ruwa 25. Ku tuna mai dashen shinkafa da ke wuni a duƙe, da ɗan kabu-kabu da ke jigila zuwa Tsamiya ko Lolo yana cin ramuka, ya sauka nan take ya ciccibi buhu. Gammo kuma yana tsotsar ruwa da dare, ya wayi gari a cike, shi ya sa sunkuyen sassafe ya fi haɗari. Saurayin nan ya haɗa duka: asuba, fizga, da kayan da ke nesa da jiki.

Yanzu ga labari mai daɗi, ina so ku kai shi gida. Yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako shida zuwa wata uku ba tare da an taɓa su da wuƙa ba, domin jiki da kansa yana cinye abin da ya bulbulo. A 1999 likitoci a Holan sun gwada: wasu suka kwanta mako biyu, wasu suka ci gaba da ɗan zirga-zirgarsu, masu kwanciyar ba su riga kowa warkewa ba. A 2007, a can dai, aka kwatanta mutum 283, rabi aka yi musu tiyata da wuri, rabi aka jira. Masu tiyata sun fi saurin jin sauƙi, amma da shekara ta zagayo duk sun yi daidai. Ko hoton MRI da ake sayar da akuya a je a yi, kada ya firgita ku. A 1994 an ɗauki hoton mutum 98 da bayansu bai taɓa damunsu ba, aka tarar fiye da rabi gammonsu ya ɗan turo.

Saboda haka mai ciwo ya tashi. Kwana ɗaya ko biyu na hutu ya isa. Ya fara da tafiya a ƙasa mai laushi, minti biyar ko goma, sau uku a yini, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ya guji dogon zama a kan kujera 'yar tsugunno. Ya kwanta rub da ciki, in jiki ya yarda ya tokara da gwiwar hannu ya ɗago ƙirji. Ma'aunin da nake ba kowa ɗaya ne, kuma daga Robin McKenzie, wani mai gashin ƙashi ɗan New Zealand, muka gaje shi: ka lura da inda zafin ya nufa. In yana janyewa daga sha-raɓa zuwa cinya, daga cinya zuwa ƙugu, ka ci gaba, ko da ƙugun ya ɗan ƙara zafi. In yana gangarawa wajen yatsu, ka tsaya, wannan motsin ba naka ba ne a yanzu. 'Yan ƙwallo, ku bar miƙe ƙafa kuna kamo yatsu da sunan saki jijiya, jijiyar da ta kumbura ba ta son ja. Ƙarfe, kokawa da tsalle su ne na ƙarshen dawowa, kuma da rabin nauyi ake farawa. Batun ruku'u da sujada, malamai suna nan, sun fi ni sanin rangwamen da aka yi wa marar lafiya.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wato allurar ɗuwawu. Jijiyar nan a nan take wucewa. Na ga yaro ɗan shekara shida yana jan ƙafa saboda an soka masa allurar zazzaɓi a inda bai kamata ba, uwarsa tana ta kuka tana cewa shan inna ne. Don Allah kada a miƙa yaro ga wanda bai koyi aikin ba. Haka diclofenac da ake haɗiya kamar gyaɗa, yana cin ciki, yana taɓa ƙoda, tramadol kuwa kun ga abin da ya yi wa samarinmu.

Amma fa ba kowane ciwon ƙugu ake jira ba. Idan fitsari ya tsaya ko ya riƙa zuba ba da sani ba, ko bayan gida ya kuɓuce, ko tsakanin cinyoyi ya mutu har mutum ba ya jin ruwan tsarki, ko takalmi ya fara suɓucewa don ƙafa ba ta ɗaguwa, a ranar za a nemi mota, kada a ce sai an gama girbi. A nufi Birnin Kebbi, in an tura ku asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ake tiyatar laka, ku wuce. In kuma ciwon baya ya zo da zazzaɓi, rama da gumin dare, a binciki tarin fuka, domin yana cin ƙashin baya, kuma yana da magani.

Saurayin nan kuwa, sati na farko da sanda ya riƙa zagaya gidansu. A sati na uku ya ce mini minjiryar ta bar dunduniya ta tsaya a cinya. Wata uku bai taɓa ƙarfe ba. Da kaka ya shiga yankan shinkafa, ya ce in ya yi kunya biyu yakan miƙe, ya dafa ƙugu ya ɗan gantsare, sannan ya koma ga laujensa.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da iyayenmu mata da ke can baya.