Ruwan Wikki da Rijiyoyinmu
Jawabi a taron kwamitin ruwa, Kurya Madaro

Yau za mu fara da labarin wani masauki da ke cikin daji, kafin mu dawo kan rijiyoyinmu.

A Jihar Bauci akwai Gandun Dajin Yankari. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, sa'an nan aka mayar wa Jihar Bauci a 2006. A tsakiyarsa akwai masaukin baƙi na Wikki, gefen wata maɓuɓɓuga mai ruwan ɗumi. Rani da damina zafin ruwan kusan digiri 31 ne, kuma kowace rana lita wajen miliyan 21 ke gangarawa zuwa Kogin Gaji, inda giwaye da ɓauna ke shan ruwa da rani.

A Amurka ma haka aka yi a gandun Yalowston, wanda aka kafa a 1872. A can dutse mai zafi a ƙarƙashin ƙasa yana tafasa ruwa a cikin matsattsen rami, har ya yi tsiri sama kamar kowace sa'a ɗaya da rabi. A 1904 aka buɗe masaukin katako kusa da shi, yana nan har yau.

Don ruwa aka gina masaukan nan biyu. Ruwan kuwa na sama ne da ya nutse cikin ƙasa. Inda itatuwa da ciyawa suka rufe ƙasa, ruwan sama yana tsayawa ya shiga ciki. Inda aka share fili, sai ya gudu ya tafi da ƙasar gona.

Mu a Zamfara muna da Dajin Kuyambana, amma 'yan bindiga sun hana kowa kusantarsa. Wannan ya fi ƙarfin kwamitinmu. Abin da ke hannunmu shi ne bakin Gulbin Gagare da gefen rijiyoyinmu, waɗanda ke ja da baya kafin damina ta faɗi.

Saboda haka muna roƙon kowane gida ya bar gawo da kirya da ke tohowa a gonarsa, kada a sare. Matasa su dasa bedi a bakin gulbi, mata kuma mu taimaka masu su gina murhu mai cin itace kaɗan. A taro mai zuwa za mu ƙirga abin da ya rayu.