Cutar Mayasteniya a Ƙasarmu: Me Ya Fi Gaggawa ga Masu Ita?



Zan faɗi matsayina a wannan taro tun da wuri. Abin da zai fi ceton ran mai cutar mayasteniya girabis a wurinmu ba sababbin magungunan da ake yayi a Turai da Amurka ba ne. A gane cutar da wuri, a samar masa da tsohon maganinta ba yankewa, sannan a daina ɗirka masa magungunan da ke ƙara kwantar da shi. Na ƙarshen nan shi ya fi damuna, kuma a kansa zan fi daɗewa.

Duk lokacin da mutum zai ɗaga hannu ko ya buɗe ido, jijiya ce ke sakin wani sinadari mai suna asetilkolin, ya tsallaka zuwa tsoka, ya sauka a wasu gurabe da ke karɓarsa, sai tsokar ta motsa. A jikin mai mayasteniya, garkuwar jikinsa ce ta juya masa baya take lalata waɗannan gurabe. Kusan kashi 85 cikin 100 na waɗanda cutar ta game musu jiki ana samun shaidar hakan a jininsu. Ba ta yaɗuwa, ba ta taɓa hankali. Ta fi kama mata 'yan ƙasa da shekara 40 da maza dattawa.

Halinta shi ne wahalarta. Mace za ta tashi da safe garau, ta share tsakar gida, ta ɗora tukunya. Kafin la'asar fatar idonta ɗaya ta zubo, sai ta ɗaga haɓa kafin ta ga mutum, ko ta riƙa ganin abu biyu-biyu. Da dare ta fara cin tuwo lafiya, loma ta yi nisa muƙamuƙi ya gaji, ta tallafe haɓa da hannu, ta sha ruwa ya fito ta hanci, murya ta koma ta hanci. Ta kwana, gari ya waye, ta dawo daidai. Kamar tocila ce mai tsohon batir: ta haska, ta dushe, a kashe ta jim kaɗan ta sake haskawa. To wa zai yarda da ciwon da ke zuwa da yamma ya tafi da safe? Dangin miji su ce son jiki ne. Nata dangin su ce sammu ne ko iska. Ga zafin bazara yana ƙara mata rauni, a ce ai kowa ma yana jin kasala.

Alhali gane ta ba ya buƙatar na'ura a matakin farko. A sa mara lafiya ya kafe ido sama na minti ɗaya, a ga ko fatar idon za ta sauko. A ɗora ƙanƙara a kan idon da ya zubo na minti biyu. Idan ya buɗe, alama ce mai ƙarfi. Ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye zai iya wannan, in an koya masa, ya kuma tura mara lafiya gaba.

A tarihin maganin kuwa muna da hannu, ko da yake ba mu cika sani ba. A 1934 wata likita mai suna Mary Walker, a asibitin St Alfege da ke Greenwich a Landan, ta lura cewa alamomin cutar sun yi kama da na wanda aka sa wa wani dafin kibiya na Kudancin Amurka. Sai ta yi wa wata mara lafiya allurar makarin dafin, wato fisostigmin, matar ta samu ƙarfi na ɗan lokaci. Fisostigmin ɗin daga waken Kalaba aka samo shi, wanda mutanen Efik ke ba wanda ake tuhuma da maita don a gane gaskiyarsa. Daga wannan tushe aka samu niyostigmin, sannan firidostigmin, wanda aka fi sani da Mestinon, kuma har yau da shi ake farawa. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ba ya warkarwa, aikinsa na 'yan sa'o'i ne, shi ya sa ake shansa sau da yawa a yini, shi ya sa kuma yankewarsa na mako guda ba ƙaramin abu ba ne. Mai sayar da magani kuwa ba ya ajiye abin da ba a yawan tambaya.

Bincike ya yi nisa tun daga nan. A 1960 John Simpson ya kawo hujjar cewa garkuwar jiki ce sanadi, a 1973 Patrick da Lindstrom suka tabbatar da hakan a jikin zomaye. A 2016 wani gwaji da aka yi da mutum 126 ya nuna cewa cire taimos, wata halitta da ke bayan ƙashin ƙirji, yana rage ciwon da yawan maganin da ake sha. A 2017 Amurka ta amince da ekulizumab, a 2021 da efgartigimod. Magunguna ne masu aiki, amma kuɗin na farkon a shekara ya kai dala dubu ɗaruruwa ga mutum ɗaya. Ban ga amfanin mu ɓata yinin taro a kansu ba. Binciken da ya fi kusa da mu shi ne na Farfesa Jeannine Heckmann ta Jami'ar Cape Town. Ita ta nuna cewa a cikin masu asalin Afirka akwai waɗanda cutar ke kafe musu tsokar ido ta ƙi jin magani, musamman waɗanda ta kama tun suna yara. A 2011 kuma ta gwada magunguna biyu, metotirekzet mai araha da azatayofirin, ta ga sun yi kusan kunnen doki wajen rage buƙatar firednisolon, wadda ita ma ake ba masu cutar. Irin tambayar da ya kamata asibitocin koyarwarmu na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri su haɗu su yi ke nan: a cikin abin da talaka zai iya saya, wanne ya fi? Mafarin hakan rajista ce guda ta masu cutar. A Amurka ana ƙiyasta mutum 14 zuwa 20 cikin kowane 100,000. In haka yake a nan, jiha mai mutum miliyan 10 tana da sama da dubu. Suna ina?

Yanzu ga abin da na ce ya fi damuna. Akwai magungunan da aka san suna tsananta mayasteniya, kuma duk wanda ya duba jerinsu zai ga kamar daga kantar kemis ɗin unguwarmu aka kwafo shi. Akwai kwinin da kulorokwin na zazzaɓin cizon sauro. Akwai sifro, da ake ba duk wanda aka ce yana da taifot. Hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan kwalin danginsa saboda masu wannan cuta. Akwai allurar jentamaisin, wadda ake yi wa mutane a kemis ba tare da takardar likita ba. Akwai azitiromaisin, da wasu magungunan hawan jini. Ita kanta firednisolon, da ake maganin cutar da ita, idan aka fara ta da yawa lokaci guda takan ƙara rauni a makonnin farko, ga shi kuwa ana sayenta kamar gyaɗa.

Sai magnesiyam salfet. Wannan allura ta ceci mata masu jijjiga ba adadi a Arewa, kuma an yi daidai da aka koya wa ungozomomi su yi ta ba jinkiri. Amma ga mai mayasteniya tana iya tsayar da numfashi. A ce an kawo mace cikin dare tana naƙuda, jini ya hau, ba ta iya magana, mijin bai san sunan ciwonta ba sai dai "ciwon nan na gajiya". Ungozoma za ta yi abin da aka koya mata, kuma ba ta da laifi. Daga kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na masu cutar kan shiga matsanancin halin da tsokar numfashi ke gazawa, ko sau ɗaya a rayuwa, kuma zazzaɓi, haihuwa, tiyata da magani marar dacewa su ne manyan masu tayar da shi. Inda akwai na'urar taimakon numfashi da tace jini, mafi yawa suna tashi. Inda babu, sai addu'a.

Maganin wannan kati ne. Ɗan kati mai shiga aljihu, da Hausa da Turanci, ɗauke da sunan cutar, magungunan da ake sha, waɗanda za a yi hattara da su, da lambar asibitin da ke duba mutum. A rubuta shi kuma da jan biro a bangon katin awo. Ba cewa ake kada a yi maganin zazzaɓi ba. Allurar atesunet ita ce kan gaba a zazzaɓi mai tsanani, kuma likita na da zaɓi a sauran, in dai ya sani. Ƙungiyoyin masu cutar a ƙasashen waje sun daɗe suna raba irin wannan kati. Ta Amurka ma wata uwa ce, Jane Ellsworth, ta kafa ta a 1952 saboda 'yarta, ba gwamnati ba. In za mu kafa irin wannan ƙungiya a nan, kada ta fara da neman ofis da mota. Ta fara da katin, da zauren WhatsApp inda wanda maganinsa ya ƙare zai ji inda ake samu, da zama da miji da uwar miji a yi musu bayani, domin su ne ke yanke hukuncin ko za a je asibiti. A jawo malamai ma. Mai shan ƙwaya kowace sa'a huɗu ko shida yana buƙatar ya ji daga bakin malami cewa Musulunci ya yi wa mara lafiya rangwame a azumi, don in likita kaɗai ya faɗa, da yawa ba za su ajiye azumin ba.

Ta fuskar hukuma, doka ba ita muka rasa ba. Akwai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da asusunta na kula da lafiya a matakin farko. Akwai dokar inshorar lafiya ta 2022 da ta tanadi asusu don masu rauni. A shekarar 2022 ɗin dai ƙasashen da ke Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da shirin shekara goma kan farfaɗiya da sauran cututtukan jijiya, wanda zai kai 2031. Roƙona ga wakilan ma'aikatun lafiya da ke zaune a nan ƙarami ne: hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi su sa firidostigmin cikin magungunan da suke biya, ma'ajiyar magunguna ta jiha ta riƙa sayo shi a dunƙule don asibitocin da ke duba masu cutar, kuma a ƙara layi ɗaya a littafin horar da ungozomomi, cewa kafin a yi allurar magnesiyam a tambayi mace ko danginta in tana da ciwon da ke zubo mata da fatar ido.