Jawabi Ga Mutanen Katuru: Kafin Taimako Ya Iso



Kun fi ni sanin tazarar da ke tsakaninku da 'yan sandan Shinkafi, balle na Ƙauran Namoda. In 'yan bindiga suka faɗo da dare, kafin mota ta iso, sai ku sai Allah.

Ku tuna watan Satumba na 2021, sa'ad da aka yanke layin waya a Zamfara duka. Mai waya da maras waya suka zama ɗaya. To, kada ku dogara ga waya kaɗai. Ku zauna da mai unguwa tun da rana, ku tsai da alamar da kowa zai gane, ganga ce ko usur. Kai maigida, nuna wa iyalinka ƙofar baya, da inda za a haɗu in an watse. Tsofaffi da masu jego fa? A san wanda zai ɗauke su, da sunansa.

In kun ji harbi, a kashe fitila, a kwanta ƙasa, kada yaro ya leƙa. Shanu kuwa, wallahi kada ka bi sawunsu daji cikin dare, komai zafin abin.

Ranar zaɓe ma ku fita tare, ku komo gida kafin magariba.